Sunan Gudaji a Bakin Yelwa

Asabar, 5 ga Shawwal, 1395

Mijin Sabuwa maƙwabciyata ya sayo rakoda da ragowar kuɗin Udoji. Tun ranar Salla gidansu bai yi shiru ba, kuma dangar kara ce kawai tsakaninmu. Yara mata na biya karatu, ina ganin yatsun ƙafarsu suna motsi a ƙarƙashin allo. Ban yi musu faɗa ba. Na ɗan ɗaga murya dai.

Talata, 8 ga Shawwal

Mun taru ɓarar wake a gidan Sabuwa. Musu ya kaure tsakaninta da Hannatu a kan mawaƙa. Hannatu ta ce ita a bar ta da masu kukuma, wai a bikin ƙanenta a Gumel har kakarsu ta yar da sanda ta taka. Sabuwa ta ce duk ƙasar nan ba kamar Yelwa mai ƙwarya ta Sule Tankarkar. Ranar da ta fara ganinta ido da ido, kuɗin cefane ta liƙa mata, suka ci tuwo gaya, kuma har yau ba ta yi nadama ba.

Suka juyo kaina: "Malama, ke wa kike so?" Na ce ba ni da kowa. Hannatu ta ce, "Malama ko tsuntsu ya yi kuka sai ta yi istigfari." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Jumma'a, 11 ga Shawwal

Bari in rubuta wannan.

Ina dama tawada da hantsi, kaset ɗin Yelwa na tashi ta danga. Ba saurare nake ba, Allah ya sani. Sai na ji: "Cindo matar Gudaji, Gudaji ɗan Gagarawa, ƙanen Rahamatu mai allo." 'Yan amshi suka maimaita.

Tawadar ta zube a zanena.

Gudaji ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarar fari ya kora shanun gidanmu neman ciyawa, har da saniyar da Inna ta bar mini. Ba wadda ta kai damina. Shi ma bai dawo ba. Wani ɗan ci-rani ya ce ya gan shi a kasuwar Maigatari, wai Gudaji ya ce masa da wane ido zai dubi Yaya. Daga nan shiru, shekara biyu. Na yi sadaka da sunansa ban san ko ta mai rai ba ce ko ta mamaci.

Ashe har ya yi aure.

Asabar, 12 ga Shawwal

Ban iya karyawa ba.

Lahadi, 13 ga Shawwal

Na shiga gidan Sabuwa na ce ta sa mini wurin. Ba ta tambaye ni dalili ba, Allah ya saka mata. Ta yi ta mayarwa baya har batir ya yi sanyi, muryar Yelwa ta koma kamar ta tsoho mai barci.

Wani direba ne ya ɗauko kaset ɗin, ba wanda ya san a bikin wane gari. Amma Sabuwa ta ce Yelwa ba ta ƙagar suna. Mace ce za ta yi mata kari, ta raɗa mata danginta a kunne, ita kuma ta ɗora a waƙa, duk inda ta je ta tafi da shi. Ke nan Cindo ce ta raɗa. Ita kuwa a bakin wa ta ji "mai allo"? Shi kaɗai ke kirana haka, tun muna yara, in yana tsokanata.

Alhamis, 17 ga Shawwal

Hannatu ta ce Yelwa za ta yi wasa a bikin 'yar ƙanwar ita Hannatun a Maigatari, farkon Zulƙida. Cikin gida, mata zalla.

Ni da nake hana 'ya'yan mutane zuwa dandali. Gobe uwar wata ta ce an ga Malama a gaban ƙwarya.

Lahadi, 20 ga Shawwal

Na yi niyyar ce wa Malam maigidana biki kawai za ni. Ba ƙarya ba ce, amma ba gaskiyar ba ce duka. Da na kai masa fura sai na faɗa masa komai, har zancen kaset. Ya daɗe yana juya ludayi. Ya ce, "Rahamatu, zumunci za ki. In kiɗa ya tare ki a hanya, ai ba ke kika kira shi ba." Ya ƙara da cewa in na sami labari, in ce ɗakin zaure yana nan.

Asabar, 4 ga Zulƙida

Jiya muka dawo. Mota ta lalace mana bayan Gumel, ba wannan ba.

Yelwa ƙanƙanuwar tsohuwa ce, baƙa, haƙora ja da goro. Da a hanya na gan ta sai in ce mai tallan daddawa ce. Aka kifa ƙore a tsakar gida, ɗaya a cikin ruwa. Da ta buɗe baki sai na ji abin a ƙirjina, ba a kunne ba. Rakoda ƙarya take yi. Mata suka yi ta guɗa, Sabuwa ta ɗaure gyale a ƙugu. Na zauna bayan rumbu da carbina, na kasa ja.

Da aka tsaya sallar la'asar Hannatu ta kai ni wurinta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ce Rahamatu mai allo. Ta riƙe haɓa: "Ke ce? Wata nawa ina yawo da ke a bakina ban san fuskarki ba!"

Na ce, "Inna, a ina kika gan su?"

Ta ce wajen Damagaram ne, bayan Mirya, amma ba mazauna garin ba ne, masu bin kasuwa ne da jakai. Cindo doguwa ce, tana da goyo. Goyo! Na ce ko za ta kai masa saƙo. Ta ce, "'Yar nan, ni ba na ɗaukar saƙo, suna nake ɗauka. Ban san inda yake ba. Amma waƙa ta fi ni ƙafa. Faɗa mini abin da za a ce."

Na tsaya. A ce sunana a bakin makaɗiya, da yardata, gari gari. Na tuna Baffa, Allah ya ji ƙansa, da ya ce muryar mace ko a karatu a sassauta ta.

Na kwance bakin zanena na ba ta abin da ke ciki. Na raɗa mata.

Da aka koma fili ta ɗaga hannu ƙore suka lafa. "Rahamatu mai allo ta Gagarawa, yayar Gudaji. Ta ce saniya ta Allah ce, ƙane nata ne. Gudaji, a zo gida a nuna mata ɗa." Mata suka amsa, gida ya ɗauka. Wani yana daga soro da rakoda, an miƙo ta ta taga.

Na ja mayafi na rufe fuska. Hannatu ta ce ta ga kafaɗata tana motsi. Kuka ne.

Laraba, 8 ga Zulƙida

Uwar Fadimatu ta aiko wai yarinyar ba za ta ƙara zuwa karatu ba. Ba ta faɗi dalili ba, ban tambaya ba. Sauran sun zo.

Alhamis, 16 ga Zulƙida

Ranar kasuwar Maigatari. Duk motar da ta tsaya a tasha sai na ji ta. Ba kowa.

Sabuwa ta ce kaset ɗin bikin ya shiga hannun direbobin Damagaram.

Litinin, 20 ga Zulƙida

Na share ɗakin zaure, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Don ƙura ne kawai.

Da rana ina surfe, Sabuwa ta leƙo ta danga ta ce, "Malama, ba haka amshin yake ba, sai kin ja ƙarshen." Ban san a fili nake yi ba. Na ce ita dai ta kawo min aron rariya.

Na saya mata batir huɗu. Maƙwabtaka ce.

Da ta tafi na gwada jan ƙarshen. Haka ya fi.