Haƙoran Jan Gwada

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana Bashir, a duk inda wannan ta same ka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan Kwanyawa. Baba da Inna lafiya lau. An cire gyaɗa, dawa ma ta kusa. Ni ce Zulai. Lambar da ka saba kiranmu da ita daga Aljeriya ta daina shiga tun bayan ƙaramar salla, shi ya sa Anti Rabi ta ce in rubuta ta sa a shafinta na intanet, ko Allah zai sa wani da ya san ka ya nuna maka. Ina jin kunyar mutane su karanta, amma ba ni da wata hanya.

Maganar motarka ce, Yaya. An buɗe mata ciki.

Ka tuna ranar da za ka tafi, ka ja ni rumfar da take, ka ce, “Zulai, ga amanar Jan Gwada. Yadda na bar ta, haka nake so in zo in tarar da ita.” Har yanzu da wannan sunan yaran unguwa suke kiranta, saboda ja ce, ƙofa biyu, kuma cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ban manta yadda aka jawo ta daga Kano a mace ba, kana ta fama da ita har ta tashi. Ni dai abin da na iya shi ne in goge ta, in kori kajin da suke son yin ƙwai a kujerarka.

Da damina ɓeraye suka fara cin wayoyinta. Lokacin ne kuma Yaya Nura ya samu aiki a wani shagon magani a Rogo, ya roƙi Baba ya bar shi ya riƙa zuwa da ita, ya ce mota in aka ajiye ta ruɓewa take yi. Baba ya ce bai manta ranar da ka kai shi ɗaurin aure Zoza ba, tun daga Karaye yake salati, kuma hularsa har yau tana gonar wani. Daga ƙarshe ya ce, “Sai dai a rage mata gudu. Ɗa ɗaya ya yi mini nisa, ba zan ba wa titi na biyu ba.”

Aka kira Malam Ado bakanike daga Rogo. Ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce ba sai an taɓa inji ba, haƙoran baya za a canza. Ya ce in aka yi haka, ko an take ta har ƙasa ba za ta kai gudun da take yi a da ba. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki buta. Malam Ado ya ƙara da cewa, “Amma fa tashinta zai ƙara zafi.” Lokacin Baba ya riga ya zagaya alwala.

Ina bayan zana, na ji duka. Na so in fito in faɗi abin da ka ce mini. Ka san ni, Yaya. Ko gaisuwa ce a gaban baƙo sai muryata ta gudu ta bar ni.

Ranar aikin aka ɗaga bayanta aka ɗora a kan gungumen itace. An aike ni da ruwan sha, na ajiye, na kasa tafiya. Ban taɓa sanin akwai wani ƙarfe kamar tukunya a tsakanin tayoyin baya ba. Da aka kwance shi, wani mai baƙi mai kauri ya zubo, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A ciki akwai babban zobe mai haƙora a karkace, da wani ƙarami mai kama da kan masara da yake cizonsa a gefe. Malam Ado ya ce ƙaramin ne yake karɓo ƙarfi daga inji ta wannan doguwar sandar da ke ƙarƙashi, ya murɗa babban, babban ya murɗa tayoyi.

Kafin ya kwance, ya sa alli ya ja layi a taya, ya ja a sandar. Suka juya tayoyin biyu tare shi da Yaya Nura har suka zagayo sau ɗaya, sandar ta juya sau uku da ɗan wani abu. Da aka sa sababbin haƙoran, sai ta juya sau huɗu da ɗan wani abu. Wai duk wannan wahalar a kan juyi ɗaya ce! Na kwana ina tunaninsa. Abin da na fahimta shi ne, da tana tafiya da dogon taku kamar raƙumi, yanzu an mayar da ita mai gajeren taku kamar jaki. In na yi kuskure ka gyara mini. Amma shi gudun da aka rage, ina ya tafi? Shi ne ya koma ƙarfi? In haka ne, me ya hana a samu duka biyun?

Akwai wani abin da ya fi ba ni mamaki. Yaya Nura ya juya taya ɗaya gaba shi kaɗai, sai na ga ɗayar tana juyawa baya. Na zaci sun lalata maka mota, har na dafe ƙirji. Malam Ado ya gan ni ya yi dariya, ya ce, “’Yar Malam, ba aljanu ba ne. Kin taɓa ganin shanun huɗa in sun kai ƙarshen kunya za su juyo? Na waje yana ta tafiya, na ciki yana ɗan taka wuri ɗaya. Tayoyi ma haka suke a kwana. Shi ya sa ba a ɗaure su tamau da juna ba.” Tun ranar ko amalanke na gani za ta sha kwana sai na tsaya na kalli ƙafafunta. Kai ka san wannan duk tsawon lokacin nan ba ka gaya mini ba?

Ya kuma aike ni wurin Inna in karɓo shunin wanki. Ya kwaɓa shi da girisi, ya shafa a haƙoran, ya juya, ya duba inda shuɗin ya goge. In ya goge a bakin haƙori sai ya girgiza kai, ya sake kwancewa, ya ƙara wani siririn zobe kamar takarda. Sai da ya goge a tsakiya ya ce to. A nan ne na ji ya gaya wa Yaya Nura cewa babban da ƙaramin tare ake yin su, in ɗaya ya ɓata ɗayan ya zama banza. Ya ce irin naka na da kuwa, ko a Kano sai an sha yawo, kuma da wuya a samu.

Da aka gama, Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida don ya ga motar da aka ladabtar. Yaya Nura ya shiga, ya ɗan taɓa ta kaɗan. Yaya, da ka ga tsalle! Ta zabura kamar bunsurun da aka kwance, tayoyinta suka tono ƙasa suka watsa wa Baba, zabi suka tashi sama, ta kwashe dangar Inna, saura ƙiris ta rungumi rumbu. Yaya Nura ya kashe ta ya fito.

Baba ya karkaɗe rigarsa ya ce, “Malam Ado, wannan ce aka rage wa gudu?”

Malam Ado ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ƙarshen gudun na rage. Farkonsa kuwa na fara faɗa maka, ka tafi alwala.”

Baba ya karɓi makulli ya jefa a aljihu, ya ce kada wanda ya ƙara sa mata hannu, ko don gyara ko don tuƙi. Yaya Nura ya koma hawa acaɓa.

Sai Malam Ado ya fara haɗa kayansa. Na ga ya ɗauki tsofaffin haƙoranka ya zuba a buhu. Ashe al’adar aikinsu ce, abin da aka cire daga mota na bakanike ne, sai ya ba ’yan gwangwan su ɗora a sikeli. Na san in buhun nan ya hau babur, Jan Gwada ba za ta ƙara komawa yadda ka bar ta ba har abada.

Ban san lokacin da na fito ba. Na dai ga hannuna a bakin buhun. Maza suka juyo suna kallona, ni kuma ina kallon yatsun ƙafata. Malam Ado ya ce, “’Yar Malam, miya za ki yi da su?” Aka yi dariya. Da ƙyar na ce, “Na Yaya ne. In ya dawo zai tambaya.”

Dariyar ta tsaya. Yaya, ban so in gaya maka wannan ba, amma an daɗe ba a ambaci dawowarka a gidan nan ba. Ba don an manta da kai ba ne. Kowa tsoro yake ji ya fara, Inna ta yi kuka.

Baba ya ce, “Zulai, kin ji daga gare shi ne?”

Na ce a’a.

Ya kalli buhun, sannan ya ce, “Malam Ado, bar mata.”

Malam Ado bai yi gardama ba, Allah ya saka masa. Har ya lalubo ’yan siraran zobban nan naka ya ɗaure mini su da waya, ya ce in shafe komai da mai in naɗe a tsumma, kada tsatsa ta ci. Na sunkuya zan ɗauki buhun, ya fi ƙarfina. Baba ne da kansa ya tashi ya ɗauka, ya wuce da shi ɗakinsa, ya tura ƙarƙashin gadonsa. Jiya da na shiga shara na tarar an canza tsumman an sa tsohon rawaninsa.

Yaya, ko ba ka samo komai ba ka dawo. In kuma ba hali, ka ari wayar wani ka kira ko sau ɗaya ne, ka ce kana nan. Na yi maka alkawari ba zan yi shiru a waya kamar yadda na saba ba. Tambayoyina sun taru da yawa.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ciyar da kai halal. Allah ya buɗe maka hanyar gida, ya sa Baba da Inna su gan ka da idonsu. Amin.

Ƙanwarka,
Zulai