Yatsan da Ba Ki Sa wa Lalle

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce ta ɗiya ga uwa, da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Mu muna nan ƙauye yadda kika bar mu, sai gajiya.

Inna, an sake tado maganar zaɓe. Wai za a gyara yadda ake zaɓen depite, wato ɗan majalisa. Maimakon mu dangwala wa launin jam'iyya, a kawo mana mutum mai suna da fuska, wanda in ya ɓace mun san ƙofar gidan ubansa. Wai kuma 'yan cin rani za su jefa ƙuri'a a duk inda rani ya same su. An kira taro kan maganar jibi a Kore Mairuwa don a ji ta bakinmu. Na ce ba da ni ba. Tun ina budurwa nake jin za a gyara, yau ga furfura.

Sai dai ke kin hana ni sakat.

Ina tuna shekarar da aka koro ƙawarki daga layin zaɓe. Lallenta ne ya kama ya yi baƙi, mai duba hannu ya rantse tawada ce, ta riga ta jefa. Daga ranar kika daina sa wa yatsanki ɗaya lalle, ko da zaɓe ko babu. Har a bikina, hannunki ja wur, yatsa ɗaya fari fat. Mata na tsokanarki, ke kuwa amsarki ɗaya: "Ku bar mini wanga, na zaɓe na. Ba a san rad da za a kiran mu ba."

Kin yi ta zuwa a kan amalanke har tsufa. Depiten da kika zaɓa, ko ƙeyarsa ba ki taɓa gani ba. Yaya Mamman kuwa bai taɓa jefawa ba, kullum zaɓe na tarar da shi a kudu yana dako. Kin sha cewa ƙuri'arki ta mutum biyu ce. Ya dawo gida da ciwon baya, katinsa sabo fil.

Na gaji, Inna. Na gaji da tsayuwa a rana, na gaji da alkawarin famfo alhali guga muke ja har yau.

Jiya aka sa lallen bikin jikarki Hadiza. Ta kai shekarun zaɓe, ba ta taɓa shiga layi ba, ba ta ma tambaya. Da mai lalle ta zo kan hannuna, sai na tarar na naɗe yatsa ɗaya. Wallahi ban yi niyya ba. Hadiza ta yi dariya, ta tambaye ni wane zaɓe nake jira. Ita ta miƙa yatsunta duka aka rina, ba ta rage ko ɗaya ba. Wannan ya fi komai yi mini zafi.

Don haka jibi zan hau amalanke. Ban yarda da su ba tukuna, amma zan faɗa musu zancen Mamman, in nuna musu hannuna.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da alheri kan duk ranar da kika sha. Allah ya nuna mini ranar da Hadiza za ta naɗe nata yatsan.

Ɗiyarki,
Rabi, mai yatsa ɗaya fari.