Bado Daga "Ba Don" Ne

Litinin, 3 ga Maris
Ba ranar da aka fita da gawar maigidana na gane ya tafi ba. Yau ne, da na zo share ɗakinsa na tarar da kainuwar da ya ajiye a bokiti ta bushe. Da yana nan ai da ya sauya mata ruwa. Na zauna da tsintsiyar a hannuna.

Alhamis, 6 ga Maris
Shekara ashirin yana cire ciyawa a madatsar ruwa, yana rubuta sunayenta da asalin kowane suna a wani littafi. Ƙanensa, malamin makaranta, ya zo zai kai a buga, amma wai sai ya goge shirmen ciki tukuna. Shirme! Ya ce duman kada kam ya yarda, tunda yana yaɗo kamar duma a bakin ruwan da kada ke kwanciya. Amma bado daga "ba don ruwa ba"? Kainuwa daga "kai ni wa?" don ba ta san inda ruwa zai ajiye ta ba? Ya ce, "Matar Yaya, dariya za a yi masa."
Na ce, "Kai ka taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarka?"
Littafin yana ƙarƙashin katifata.

Asabar, 8 ga Maris
Ko wasali ɗaya ba za a taɓa ba.

Laraba, 19 ga Maris
Na karanta shi har ƙarshe, da ƙyar, rubutunsa kamar sawun kaza. A bangon baya ya sa da fensir: "Bado da kainuwa zatona ne. A tambayi ƙanena, ya fi ni karatu."
Wato ni ka bari ina ta faɗa a kanka.
Ban nuna wa kowa ba. Ba dole.

Juma'a, 28 ga Maris
Ƙanen nasa ya dawo, da sabuwar kainuwa a leda, takalminsa duk taɓo. Na ba shi fensir, ba biro ba. Na ce ya rubuta nasa a ƙasa, na Yayansa ya zauna inda yake. Ba sakkowa na yi ba, bokitin ne ke buƙatar mai ɗebo masa ruwan madatsa.
Bangon baya bai gani ba tukuna. Gansakuka da shalla da wasu tara har yanzu babu komai a gaban sunayensu a littafin.