Kifin Tafkin Gabas

Kunci, 3 ga Maris, 1957

Zuwa ga yaron nan mai aiki a siton gyaɗa, Kano,

Bayan gaisuwa, ina fata kana tsare salla a kan lokaci. Matarka Sakinatu tana wankan jego a gidansu, ita da jaririya Luba lafiya lau.

Ba yabo ya sa na ɗauki alƙalami ba. Garin maganin ƙwarin da ka aiko don rumbu, ashe ka gaya wa ƙanenka Hadi yana kashe kifi. Ya kwashi rabi ya zuba a Tafkin Gabas, alhali Sarkin Ruwa bai buɗe kamun kifi ba. Da safe kifi ya rufe ruwa, ciki sama, har ƙananan da ba su kai yatsa ba. Na tsare Hadi, ya ce, "Inna, ai Yaya ya ce ya fi magimfa sauri." Na ce, "Saurin me, gobara ake?" Magimfa ganye ce, bugar da kifi take yi, wanda ya tsere ya farfaɗo. Wannan bai bar ko ɗaya ba. Tafkin gari guda, kun cinye rabon baɗi.

Ka san ba na yarda da almubazzaranci. Na tara mata mun tsince manyan, mun ƙyafe su. Masu maiƙon na aika wa mai jego, ta sha romo nono ya zo.

Ka ji tsoron Allah. Wassalam.

Mahaifiyarka, Turai

*

Kano, 11 ga Maris, 1957

Inna,

Gaisuwa mai yawa da neman gafara. Takardarki yau ta iso.

Don Allah kada kowa ya ci kifin nan. A sito sai mun ɗaure hanci da ƙyalle kafin mu barbaɗa garin, kuma ma'aikacin lafiya ya ce wuta ba ta kashe dafinsa, yana zama a cikin maiƙo, yana bin nono. Hira kawai na yi wa Hadi, ban ce ya gwada ba. A binne sauran, a hana shanu da yara ruwan. Inna, ki je wurin Sakinatu da kanki.

Ɗanki mai biyayya, Muntaka

*

Kunci, 20 ga Maris, 1957

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Takardarka ta same ni a bakin gadon Sakinatu. Ta yi amai da jijjiga, aka ce iska ce, ana ta turare. Ni da na zauna a aji, na karanta littafin tsafta, ban tuna kifin ba sai da na ga rubutunka.

Ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Luba ce Allah ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi.

Jiya Sakinatu ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, romon ya yi daɗi fa, kada ki sa wa ranki damuwa."

An binne sauran kifin. Makiyaya sun kora shanunsu yamma. Tafkin ya yi tsit, ko kwaɗo ba ya kuka. Hadi ba ya fita.

Tun da na haife ka kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunanka. Muntaka, ka zo gida. Ba faɗa zan yi ba.

Mahaifiyarka