Rigunan Ceton Aro Ranar Zuwan Mai Duba

Zuwa ga Babban Jami'i mai duba ayyukan cikin gida na sojan ruwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, ni mace ce daga Sunke, a ƙasar Anka. Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne gulbin Gummi, shi ma daga gaɓa na tsaya ina kallo. Amma Allah Ya kai ɗana aikin sojan ruwa, yana cikin wani ƙaramin jirgin sintiri. Ba zan faɗi sunansa ba. Ba kunyar ɗan fari ba ce, shi ne na uku. Tsoro nake kada surutun uwarsa ya ja masa horo.

Da ya zo hutun Babbar Sallah, a bakinsa na fara jin akwai ofis irin naka, na soja masu binciken 'yan uwansu soja. Labarin ban dariya ya ɗauke shi. Wai tun da sauran makonni ake sanar da su ranar zuwan mai duba. Sai a hau fenti da goge-goge. Rigunan ceto kuma, waɗanda ke hana mutum nutsewa, wasu nasu sun yage, igiyoyin sun ruɓe, don haka sai a aro masu kyau daga jirgin maƙwabta. Mai duba ya ƙirga, ya yaba, ya tafi, a mayar wa masu kaya kayansu. Kowa ya yi dariya, har babansa. Ni kam ban yi dariya ba. Ga abin da nake son sani:

1. Yaya aka yi wannan aiki naka ya samo asali? Na tambayi yaron, ya ce tsohon aiki ne, iyakar saninsa ke nan. Ni dai a tunanina ba a kafa mai duba sai an taɓa yin asara. Wace asara ce ta haifi kujerarka? Ana gaya wa sababbin shiga labarinta, ko fareti kawai ake koya musu?

2. Me ya sa ake aika sanarwa? Mai duba guda na sani a rayuwata, duba-gari. Innata ta sha ba mu labarinsa: ba ya aike, sai dai a ji sallama, ya wuce kai tsaye ya leƙa randa. Mata sun tsane shi, amma randunansu sun wanku. Ko akwai hikimar sanarwar da ban gane ba? Da gaske nake tambaya, ba gatse ba ne.

3. Wannan kuma ba tambaya ba ce, dalilin rubutuna ne. Shekarar da gubar dalma ta kama yaranmu, a cikin gida muke dakan dutsen zinariya, ashe a cikin ƙurarsa gubar take. Aka ce masu awon guba a ƙasar gidaje za su zo. Na yi abin da kowace matar gida ke yi in za ta yi baƙi: na share tsakar gida, na zuba sabon yashi, na mirgina turmin dakan dutse zuwa bayan rumbu, na rufe shi da zana. Ba ha'inci na nufa ba, kunya ce, kada baƙi su ce ƙazama ce ni. Suka auna inda na nuna musu, suka sa gidanmu cikin waɗanda za su iya jira kafin a kwashe musu ƙasar mai guba. Bayan rumbun nan kuwa a can 'yata Hauwa'u ke wasa, don akwai inuwa. Ba ta cika shekara uku ba. Kafin a dawo kanmu mun binne ta. Ba na zargin masu awo, abin da na nuna musu suka auna. Har yau ina jin zafin abin, kuma na san yaran jirgin nan ba mugaye ba ne, kunyar baƙo ce irin tawa.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu. Idan ƙaramin soja ya faɗi gaskiyar abin da ya lalace, a samar masa hanyar faɗa da ba za ta zame masa laifi ba. Na biyun, ka zaɓi wata rana da babu wanda ya san da ita, ka je musu ba aike. Kada ka tsaya kallon fenti. Ka ce kowa ya ɗauko rigarsa ya sa, ka ja igiyar da hannunka. Ɗana a tudu ya girma, iyon da ya iya na koyo ne, rigar nan ce tsakaninsa da ƙasan teku.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya tsare ka daga masu share maka hanya, Ya sa ka gama aiki lafiya. In ka je, don Allah ka leƙa bayan rumbu.

Wassalam.

Innar wani sojan ruwa,
Sunke, ƙasar Anka.