Tauren da Aka Janye daga Wuta

Dakoro, bayan Babbar Salla

Zuwa ga Baffa Na'Allah,

Mi tauren Baba ya yi maka? Na san da gaisuwa ake fara wasiƙa, to ga ta: ina gajiyar Salla, ina iyali, yaya ƙafar Inna Hawa? Allah shi ƙara sauƙi. Yanzu mu koma ga tambayata.

Tun ban zo duniya ba wuta guda unguwarmu ke hurawa ran layya. Kowa ya feɗe dabbarsa, ya baje ta bisa sanduna, a kafa su kewaye da wutar har yamma. Itacen bana ma Baba ya ɗauko shi da amalankensa daga hanyar Birnin Lalle, kai kana inuwa kana shan shayi. Ka san tumakinmu sun ƙare a Azagor da rani. Taure guda ya rage, shi yayanka ya yanka, bai ji kunyar kowa ba.

Sai surukanka na Maradi suka iso, suka fiddo waya za su ɗauki hoto. Da idona na ga ka tumɓuke sandunan taurenmu ka kai gindin katanga, wai kada ya ɓata jerin raguna. Aka yi dariya. Baba ma ya yi, don baƙi na kallo. Na zabura in mai da tauren, Baba ya riƙe mini hannu gam.

Can tauren ya wuni, zafin wuta bai kai gare shi ba sai ƙuda. Washegari da aka tashi rabo, naman ya yi wari. Ƙanwata Zuhura ta riga ta wanke kwanonin kai wa maƙwabta, sai ta kife su.

Sannan ka aiko mana da tsoka uku, irin rabon da ake kai wa gidan da bai yi yanka ba!

Tun ran nan Baba a ɗaki yake salla. Ya ce in yi shiru. Shi ya sa na rubuta. Wallahi Baffa, kai ka fara kai ni filin idi bisa wuyanka, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

A gai da mutan gida. Ran Jumma'a ina jiran ka ƙofar masallaci. Kada ka aiko kowa, kada ka ja ni gefe. Gaban mutane aka yi dariyar, to gaban mutane za ka faɗa: yayanka ya yi layya bana, ko bai yi ba?

Ɗanka,
Jimrau