Motar da Ba Ta Son Kwana a Gida

Tudun Wada, Lahadi

Yaya Ghali,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Saudatu da yara? Ka ce in daina kiranka a waya tunda ƙarar injinan ban-ruwa ta cinye maka rabin kunne, in rubuta ciwon motar dalla-dalla in ba Ɗanliti direba ya miƙa maka a Bebeji. To ga shi.

Motar da ka zaɓa mini, wadda ka ce wata tsohuwa ce ta riƙa zuwa cefane da ita a Turai, tana misin, wato injin yana tsallake bugu. In na tayar da ita da safe sai ta kama karkarwa kamar mai masassara. In na taka totur ta fizga, ta yi kamar za ta mutu, ta sake fizga. A haka muke shiga dajin Falgore, ina salati tana tari. Da yamma kuwa, in na taso daga asibiti a Doguwa, lafiyarta ƙalau kamar ba ita ba.

Na kai ta wurin Hamidu bakanike a Kwanar Dangora. Ya canja fulogi, ya wanke nozul. Ya ce man 'yan bumburutu ne, na daina saya. Ya ce famfon mai ne, aka sa sabo. Ya ga wani baƙin abu a ramin fulogi, ya ce baƙin mai ke yoyo, ya canja gaskit. Duk ranar da ta kwana a garejinsa sai ta tashi sumul, shi kuma ya yi mini irin kallon da nake yi wa wanda ya zo gwajin jini alhali yunwa ce kawai ke damunsa.

Ran Laraba ta mutu mini a tsakiyar daji, ba nisa da kwanar da Baba ya yi hatsari. Masu motar itace ne suka tura ni. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ta ba hanyar nan miji, ba za ta ƙara mata da 'ya ba. Ranar da motar ta sake tsayawa a dajin, in ajiye aikin Doguwa. Ka san Inna ba ta maimaita magana. Ka kuma san daɗewar da na yi a gida ina goge ƙurar takardar digiri kafin in samu aikin nan.

Na gaji, Yaya. Ka gaya mini abin da ya rage ba a canja ba.

Ƙanwarka,
Bushira

Bebeji, Talata

Zuwa ga ƙanwata Bushira,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya, amin. Takardarki ta iso.

Da farko, motar nan ba ta da laifi a asalinta, da hannuna na duba ta kafin a saya. Abin da kika bayyana kuwa, wuta ce ba ta isa ɗaya daga cikin silindojin. Tunda an canja fulogi, saura kwayil, masu tura wa fulogi wuta. Ki sa Hamidu ya riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya inji yana aiki. Wanda aka zare amma sauti bai canja ba, shi ne mataccen. Kada ki yarda ya sauke inji ko me zai ce miki.

Maganar Inna kuma, ki bi ta a hankali. Ni ma da an tambaye ni ban so miki hanyar nan ba, amma ba a tambaye ni ba.

Ki rage baƙar magana a kan motar. Allah ya tsare.

Yayanki,
Ghali Wada

Tudun Wada, Alhamis

Yaya Ghali,

Ina gaisuwa, a shafa mini kan yara. An yi gwajin da ka ce. Kowane kwayil ya nuna yana da rai, amma Hamidu ya canja su duka don kada tafiyata ta zama ta banza. Washegari muka wayi gari da karkarwarmu. Yanzu dai, in ban da kujeru da lamba, kusan sabuwar mota gare ni, mai tsohon ciwo.

Sai na daina tambayar me ya lalace, na koma yadda nake yi a wurin aiki, na tambayi yaushe ciwon ke tashi. Ranakun da aiki ya sa na kwana a Doguwa, ba ta yi. A garejin Hamidu ba ta yi. Da na je bikin ƙawata Rahma a Ƙafin Maiyaki na kwana, ba ta yi ba. Motar nan, Yaya, kwana a gidanmu ne ba ta so. Ba ita kaɗai ba ce a zuriyarmu, amma ita ce ta fara nunawa a fili.

Na duba rumfar da nake ajiye ta, ba ta yoyo. Na sa tarkon ɓera, na kama ƙadangare. Jiya a daji sau biyu tana ɗaukewa, na riƙe ta da totur har ƙafata ta sage. Da na dawo Inna ta tambaye ni ya mota, na ce da sauƙi. Ta ce to, Allah ya ƙara sauƙi, ta ci gaba da tsince wakenta.

Ran Asabar da safe zan taso da ita daga gida kai tsaye in kawo maka, in biyo Ɗanliti in dawo. Ka gan ta da idonka tana cikin halinta.

Bushira

Bebeji, Lahadi

Ƙanwata Bushira,

Bayan gaisuwa. Ga motarki nan an kawo miki, na busar da ita, na goge ta. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Da na zare kwayil na samu danshi a ramin fulogi biyu, da baƙin abin nan da Hamidu ya ce baƙin mai ne. Ba shi ba ne. Baƙin mai santsi yake yi, wannan danƙo gare shi. Na ɗiga masa ruwa ya narke. Sai na ɗan taɓa a harshe. Bushira, na san ɗanɗanon nan, ke ma kin san shi, duk mun sha shi a kofin silba ranar kowace jarrabawa. Tawadar allo ce, gawayi da ƙaro. Rubutu ake zuba wa injin nan.

Ruwa yana gangarawa ramin fulogi, wuta ta bi shi ta tsere maimakon ta shiga silinda. In inji ya yi zafi ya daɗe sai ya bushe, shi ya sa da yamma take lafiya. Ba sai na gaya miki wadda ta san inda mukullinki yake rataye ba, ko wadda ta iya buɗe bonet tun lokacin da take zuba wa Baba ruwa a lagireto kafin ya fita lodi.

Shawarata ki riƙa kwana da mukullin. Ni ba zan iya yi mata maganar ba.

Akwai abu ɗaya da ya hana ni sakewa. Da damina Baba yana ɗaure kan wayoyin fulogi da leda don kada ruwa ya kashe masa inji, kuma Inna ce ke ajiye masa ledar. Wataƙila ta manta, shekaru sun ja. Allah ne masani.

Yayanki,
Ghali

Tudun Wada, Talata

Yaya,

Na gaishe ka. Ban ɓoye mukullin ba. Wadda ta haife ni ba zan kwana da ƙarfe a ƙarƙashin filo saboda ita ba.

Yau bayan sallar asuba na zauna a bakin taga. Inna ta fito da kwano a rufe da faifai, ta buɗe ƙofar mota, ta ja abin bonet ba tare da ta lalube shi ba, ta kafa sandar da ke riƙe shi. Hamidu ma sai ya nemi sandar nan. Na fito na gaishe ta. Ba ta firgita ba, ta amsa, ta tambaye ni ya na kwana. Ta ce malamin da ke yi mana rubutu tun muna yara ne yake yi mata na tsari. Da kofi ɗaya take zubawa, amma tunda motar ta fara wannan karkarwar ta ga abin ya fi ƙarfin kofi, ta koma kwano.

Na shirya mata bayanin wuta da ruwa da silinda, har da misalai. Da na ga hannunta a kan kwanon sai duk ya tafi.

Na ce, "Inna, Baba ba inji ne ya ci amanarsa ba. Taya ce ta fashe."

Ta daɗe tana kallon injin. Tunda aka yi rasuwar ban taɓa ambatar tayar nan a gabanta ba, kai ma ba ka taɓa ba.

Ta ce, "Aikin nan dai kina son sa."

Na ce ina so.

Ta cire sandar, ta sauke bonet a hankali, ta danna shi da tafin hannu yadda Baba ke yi. Sannan ta zagaya tayoyin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa, leɓenta yana motsi. Ragowar ta miƙo mini. Na shanye. Gaskiyarka, ɗanɗanon bai canja ba.

Na makara, sai na dawo.

Bushira

Tudun Wada, Juma'a

Yaya Ghali,

Gaisuwa da fatan alheri. Mota ta daina misin. Kullum da safe tayoyina a jiƙe suke, inji a bushe, kuma ina wuce Falgore ba na jin komai sai iska.

Ɗanliti ya kawo mini tambayarka, ko na yi wa Inna zancen ledar. Ban yi ba. Jiya hadari ya haɗu, da na shiga mota na tarar da leda a ninke a kan kujerata, irin wadda take ajiye wa Baba.

Ka gaida Anti Saudatu.

Ƙanwarka,
Bushira